Ga Ƙannena na Dogo-Dogo Masu Son Tuƙin Jirgin Sama

Ƙannena, a da idan aka tambayi yaro a Dogo-Dogo ko Dungas abin da yake so ya zama, amsar ba ta wuce malamin lakwal, likita, jandarma, ko babban ɗan kasuwa mai kai shanu Maigatari ranar Alhamis. Yanzu wayar hannu ta ƙaro wata amsa. Sai ka ji ɗan lise ya ce shi matuƙin jirgin sama zai zama, har ya nuna maka hoton da ya ɗora a fuskar wayarsa: farar riga, igiyoyin zinariya a kafaɗa, ga ƙaton jirgin alhazai a baya. Ni ban ga abin dariya a nan ba. Ouma Laouali ƴar ƙasar nan ce, a 2015 ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojan saman Nijar, ta fara da Cessna 208, a 2020 ta kammala horon ƙaton jirgin nan C-130 a Amurka. Zariya kuma, inda makarantar koyon tuƙin jirgi take tun 1964, ta fi muku kusa a kan Yamai nesa ba kusa ba. Hanya akwai ta, sai dai tsawo da tsada.

Wancan hoton na fuskar waya shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya nuna ƙarshen tafiya, ya ɓoye wurin da matuƙi ke samo abin da zai tsare ransa da na mutanen da ya ɗauko ranar da al'amura suka rikice. Wurin nan ɗan ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, mai ƙara da warin mai. Darussa biyu ake ɗauka a cikinsa waɗanda nake so ku sa a rai tun yanzu, domin ba kowace makaranta ce za ta tuna muku da su ba. Ɗaya shi ne tuƙa jirgi mai taya a wutsiya. Ɗayan shi ne abin da mutane ke kira wasa da jirgi, wato alkafura da birgima da katantanwa a sararin sama, a hannun malamin da ya san aikin.

Ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila ƙirar DH.9A suka sauka a filin sukuwa na Kano, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, Arthur Coningham na jagorantarsu. Tayoyi biyu ne a gabansu, a wutsiya kuwa ko taya babu, sai wata ƴar sanda da ke jan ƙasa, birki ma ba su da shi. A yaƙin Hitila, daga 1940, dubban jiragen yaƙi da aka haɗa a Takoradi ta ƙasar Gana suka bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira, kuma su Hurricane da Blenheim da ke cikinsu duk a wutsiya tayarsu ta uku take. A wancan zamani wanda bai iya wannan tuƙi ba bai iya jirgi ba, ke nan. A 1956 kamfanin Cessna ya ɗauki jirginsa samfurin 170 ya mayar da ƴar tayar zuwa ƙarƙashin hanci, ya kira shi 172, kuma har yau babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Makarantu suka bi wannan sawu. Ko Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don horar da sojan saman Najeriya, asalinsa wani jirgin Amurka ne, RV-6, mai taya a wutsiya, amma samfurinsa mai taya a hanci aka zaɓa.

Dalilin sauyin ba shi da wuyar ganewa. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ya tattaru. A mai taya a hanci, wurin nan yana gaban manyan tayoyin biyu, don haka ko matuƙi ya sauka a ɗan karkace, nauyin da kansa zai ja hancin ya miƙe da titi. A mai taya a wutsiya kuwa nauyin yana bayan manyan tayoyin, kullum yana neman hanyar da zai sha gabansu. Duk wanda ya taɓa ɗaura buhun gero biyu a bayan babur ya shiga rairayin hanyar Dungas ya san abin da nake nufi: da zarar baya ya fara zamewa gefe, in ba ka tare shi nan take ba, kafin ka ankara bayan babur ya koma gaba. Ƙaramar karkata ta haifi babba, babbar ta haifi wadda ta fi ta, cikin daƙiƙa biyu ko uku jirgi ya juya a tsakiyar titi, bakin fiffike ya daki ƙasa, wani lokacin ƙafar taya ta karye. Ba kasafai ake rasa rai a irin wannan ba, amma kuɗi da mutunci suna tafiya.

Maganin yana ƙafa. Ƙarƙashin ƙafafun matuƙi akwai feda biyu, su ke juya faifan nan da ke tsaye a wutsiya, su ke kuma juya ƴar tayar baya. Ɗalibin da ya koya a jirgi mai taya a hanci yana iya karɓar lasisi ƙafafunsa na barci, saboda jirgin yana yafe masa. Mai taya a wutsiya ba ya yafiya. Dole ka riƙa taɓa feda kaɗan-kaɗan, ka taɓa da wuri, ka saki da wuri. Wanda ya jira sai karkata ta fito fili ya makara, wanda ya danna da ƙarfi ya riƙe kuma ya wurga jirgin ɗaya gefen. Ko tafiya a ƙasa darasi ce, domin hancin a ɗage yake, a wasu jiragen ya tare maka gaba ɗungurungum, sai ka riƙa lanƙwasawa dama da hagu kana leƙen hanya ta gefe. Wajen tashi, daidai lokacin da ka tura sandar tuƙi gaba don wutsiya ta ɗaga, farfela tana fizgar hancin zuwa hagu a yawancin jiragen Amurka, kuma ƙafarka ta dama ce za ta riga ta.

Sauka iri biyu ce. Akwai wadda ake dire tayoyi uku lokaci guda, gudu ya kusa ƙarewa, a ja sanda har ciki a riƙe ta gam. Akwai wadda ake ɗora manyan tayoyin tukuna da sauran gudu, a ɗan tura sanda gaba don su manne da ƙasa, wutsiya ta sauko daga baya. Ta biyun nan ita ke wahalar da ɗalibai, domin zuciya ba ta yarda a tura hanci ƙasa alhali ga ƙasar nan kusa. In jirgi ya yi tsalle bayan ya taɓa titi, malami zai ce kada ka tsaya gyaran abin da ya riga ya ɓaci: ba shi wuta, ka sake tashi, ka zagayo. Ku riƙe wannan da kyau, girman kai ya karya jirage da yawa a daidai gaɓar nan. Sai kuma iskar gefe, wadda a ƙasarmu ba ta shawara da titi. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, ga kuma wadda ke rigan hadari isowa daga gabas da ƙura a bakinta, ga guguwar tsakar rana da ke tashi ba sallama. Sai ka kwantar da fiffiken da ke wajen iska, ka miƙe hanci da ƙafar ɗaya gefen, ka taɓa ƙasa da taya guda, kuma ba ka gama tuƙi ba sai an kashe inji an ɗaure jirgin. Tun 15 ga Afrilun 1991 dokar Amurka ta hana sabon matuƙi ɗaukar irin wannan jirgi da kansa sai malami ya sa masa hannu a littafin awoyinsa. Yawancin mutane awa 5 zuwa 10 ke isarsu su samu wannan sa hannu. Ƙwarewa kuwa sai a hankali.

Wani zai ce ai wannan kayan tarihi ne. To ya dubi aikin da ke ƙasarmu tukuna. Filayen jirgi masu kwalta ba su da yawa, Yamai, Damagaram, Agadas, Maraɗi, Tawa, Difa da ƴan kaɗan, sauran ƙasar rairayi ne da tsakuwa. Ƴar tayar hanci tana nutsewa a rairayi, tana karyewa a rami, tana kuma sa farfela kusa da ƙasa inda tsakuwa ke cin bakinta. Shi ya sa jiragen feshin gona, irin su Cessna 188 da Thrush da Air Tractor, duk masu taya a wutsiya ne har gobe. Iyayenku ba su manta farin ɗango na 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 ba, maƙwabtanku na Jigawa da Yobe kuma sun san abin da jan-baki ke yi wa gero da shinkafa. Duk sa'ad da irin wannan bala'i ya sauka, sai an nemi matuƙan da za su tashi daga ɗan fili a daji da tankin magani cike, su bi ƙasa-ƙasa mita kaɗan bisa shuka, su juyo a ƙarshen kowane layi, kuma sau da yawa daga waje ake hayo su tare da jiragensu. Rundunar sojan saman Nijar ma ta yi amfani da ƙananan jiragen sintiri ƙirar Tétras na Faransa, masu kujera biyu, su ma a wutsiya tayarsu take. Ɗan Dogo-Dogo da ya iya wannan aiki yana da abin da garinsu ke bukata fiye da mai tuƙa jirgin Dubai.

Ku sa zafi a lissafi kuma. Filin jirgin Damagaram yana wajen mita 460 sama da teku. Ranar bazara da zafi ya kai digiri 42, iska takan yi shara-shara har fiffike da inji su yi aiki tamkar filin yana bisa tudu mai tsayin mita 1,500. Ƙarfin inji ya ragu, gudun da za a yi a ƙasa kafin a ɗaga ya ƙaru, hawa ya yi nauyi. Binciken hatsarin jirgin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayun 2002, ya hallaka fiye da mutum 100, ya ambaci zafin ranar cikin abubuwan da suka taru suka jawo shi.

Darasi na biyu ba za ku ga amfaninsa ba sai kun san yadda fiffike ke ɗaukar jirgi. Iska ce ke bin bayansa da cikinsa a lafe, kuma gwargwadon yadda ka ɗaga gabansa ga iskar da ke tahowa, gwargwadon ɗaukar da yake yi, har zuwa wata iyaka, wajen digiri 15 zuwa 18 a yawancin ƙananan jirage. Da ka haura iyakar nan iska ta kuɓuce wa bayan fiffike, ɗauka ta yanke, jirgi ya fara faɗuwa ko da inji na aiki lafiya lau. Abin na iya faruwa a kowane gudu, ko hanci na kallon sama ko yana kallon ƙasa. Maganinsa guda ne, a tura sanda gaba a rage kusurwar. Sai dai duk ɗan Adam da ya ji yana faɗuwa ja yake yi. Jiki ne ke ba da umarnin kafin hankali ya iso, kuma karatun littafi ba ya kankare shi.

Ba ƙananan matuƙa kaɗai wannan ke ci ba. Daren 31 ga Mayun 2009 jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Rio zuwa Faris da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci, na'urar da ke tuƙi da kanta ta saki jirgin, matuƙin da ke riƙe da sanda ya ja, jirgin ya hau har wajen ƙafa 38,000, iska ta kuɓuce wa fukafukansa. Minti uku da rabi yana faɗowa, injinansa biyu na aiki, sandar kuma mafi yawan lokacin a ja take, har ya daki tekun Atilantika. Ranar 24 ga Yulin 2014 jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas ya faɗi kusa da Gossi a Mali da mutum 116. Nan ma ƙanƙara ce ta ruɗi ma'aunin inji, gudu ya riƙa raguwa, na'ura na ta ɗaga hanci don ta riƙe tsayi, kuma da ɗauka ta yanke ba a yi abin da ya kamata a yi ba. Wanda ya fi taɓa mu shi ne na 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC daga Abuja zuwa Sakkwato, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa, jimilla mutum 96. Rahoton bincike ya nuna an tashi cikin hadari, jirgin ya gamu da iska mai juyi jim kaɗan bayan ɗagawa, hancinsa ya ɗagu fiye da kima, ɗauka ta yanke. Allah ya jiƙan musulmin da suka riga mu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin matuƙi horo ne. Ga wanda ke duban hadari yana shawarar tashi kuwa, Hausawa sun riga sun yanke masa: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tun jirgi na jariri aka san da wannan matsala. A Agustan 1912 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Wilfred Parke, ya faɗa katantanwa, wato jirgi na faɗowa yana juyi, ya gwada duk abin da hankalinsa ya ba shi bai yi ba, sai da ya danna feda ta kishiyar juyin sannan jirgin ya miƙe, saura ƙiris ya daki ƙasa. A Satumban 1913 Pyotr Nesterov ɗan Rasha ya yi cikakkiyar alkafura a sararin Kiyef, manyansa suka tsare shi don ya yi kasada da kayan gwamnati, daga baya suka karrama shi. A 1949 Amurka ta cire katantanwa daga jarrabawar lasisin farko, saboda ɗalibai da malamai na mutuwa wajen koyonta. Dalili ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne an yaye matuƙa tsara bayan tsara waɗanda ba su taɓa ganin ƙasa a saman kansu ba. Da ƙididdiga ta nuna cewa ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi ita ta fi kowane irin hatsari cin rayuka a manyan jirage, hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da littafin horo a kan haka a 2014. Daga 20 ga Disamban 2019 kuma Turai ta wajabta wa mai neman hawa babban jirgin fasinja karon farko awa 5 na karatu da awa 3 a cikin ƙaramin jirgi na gaske, ana juya shi ana kifa shi yana gyarawa.

Me ya sa sai jirgi na gaske, ga na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa? Saboda na'ura ba ta iya ɗora maka nauyi. A gindin alkafura nauyinka yakan ninka kusan sau huɗu, mai kilo 70 ya koma kamar mai 280, hannu ya yi nauyi, jini ya gudu daga kai zuwa ƙafa, gani ya fara dishi-dishi in ba ka ƙanƙame cikinka da cinyoyinka ba. A kife kuwa ɗamarar kujera ce kawai ke riƙe da kai, ƙurar da ke ƙasan jirgi ta zubo maka a fuska. Karon farko babu wanda ke tunani, tsoro ne ke tuƙi. Ana maimaitawa, ana maimaitawa, sai wata rana ka ga kana kife amma kana iya duba agogon gudu, kana jin muryar malami, ka san in jirgi ya kife birgima ake yi a dawo da shi ta hanya mafi kusa, ba a ja sanda, domin ja a kife hanci yake kaiwa ƙasa kai tsaye. Abin da ake saya da kuɗin darasin ke nan. Fita daga katantanwa ma haka, a jere take: a mayar da totur baya, a tsayar da sanda a tsakiya, a danna feda ta kishiyar juyi har ƙarshe, a tura sanda gaba, juyi na tsayawa a saki feda a ɗago hanci a hankali. Kowane jirgi da abin da littafinsa ya ce, kuma littafin shi ne gaba da maganata. Jiragen da ake wannan horo da su, irin su Super Decathlon da Pitts na Amurka, CAP 10 na Faransa da Extra 300 na Jamus, duk masu taya a wutsiya ne, don haka sau da yawa a jirgi guda ake ɗaukar darussan biyu.

Akwai wata kwana da ta fi kowace cin matuƙan ƙananan jirage, ita ce ta ƙarshe kafin a miƙe da titi don sauka. Iska ta turo ka ka zarce layin titi, kana jin kunyar kwantar da jirgi sosai kusa da ƙasa, sai ka saci juyi da feda, ka ɗan ja sanda don hanci kada ya sauka. Ka haɗa abubuwa biyun da ke haifar da katantanwa ke nan, kana mita 150 daga ƙasa, alhali fita daga cikinta na iya cin kusan mita 300. Ku lura kuma, jirgin da aka kwantar digiri 60 yana riƙe da tsayinsa nauyinsa ya ninka biyu, gudun da iska ke kuɓuce masa kuma ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. A nan babu gwanin da zai fita. Amfanin horon shi ne wanda ya sha ganin wannan faɗuwa can sama tare da malami yana gane warinta tun ba ta zo ba, sai ya ba jirgi wuta ya zagayo. Matuƙin feshi wannan kwanar yake yi tun safe har rana ta yi zafi.

Kada kuma ku ɗauka duk abin da aka koya a ƙaramin jirgi ana kwashe shi a kai babba yadda yake. Ranar 12 ga Nuwamban 2001 wani Airbus A300 na American Airlines ya faɗi a birnin New York, mutum 265 suka mutu, bayan matuƙi ya yi ta danna feda dama da hagu da ƙarfi har faifan wutsiya ya ɓalle. Natsuwa da sanin kusurwar fiffike su ke bin ka duk jirgin da ka shiga, ƙarfin ƙafa kuwa kowane jirgi da nasa gwargwado.

Yanzu abin da ya fi damuna, domin na san jinin ƙuruciya. Ranar da ɗayanku ya samu lasisi, Shaiɗan zai raɗa masa ya bi ta kan Dogo-Dogo ƙasa-ƙasa, ya kwantar da fiffike bisa gidansu, inna ta fito tsakar gida ta gani, ƴammata su yi guɗa. Wannan shawagin burga ya kashe matasan matuƙa a kowace ƙasa, galibi a gaban idon waɗanda suke son burgewa. Jirgin koyo na yau da kullum an ƙera shi ya jure nauyinsa sau 3.8 ne kawai, na alkafura kuwa sau 6 a zaune, sau 3 a kife. Wanda ya yi alkafura da jirgin da ba na alkafura ba, ko ya sauka lafiya, yana iya barin lahani a cikin fiffike wanda zai kashe mai hawa bayansa. Dokar Amurka ta hana yin ta ƙasa da ƙafa 1,500 ko bisa gari, ɗalibai kuma sama da haka sosai suke yi. Bidiyon YouTube ba malami ba ne. Ko waɗanda aikinsu ke nan ba su tsira ba: ranar 28 ga Satumban 2018 jiragen yaƙin Najeriya biyu ƙirar F-7 suka gogi juna a sararin Abuja wajen atisayen bikin ƴancin kai, hafsa Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu. In ƙwararru masu shiri da tsari na gamuwa da haka, ina ga mai awa ɗari da ke son a tafa masa?

Jikinku ma kayan aiki ne. Yunwa, ƙishirwa, rashin barci da zazzaɓin cizon sauro duk suna rage juriyar mutum ga nauyin nan da na faɗa, har ya suma a inda da lafiyarsa ba zai ji komai ba. Ban zo da fatawa ba, wannan na malamai ne, amma mai hankali zai tsara darasin alkafura a wajen watan azumi. Tiramol da sauran ƙwayoyin da ke yawo a tasha kuwa, wanda ya saba da su ya manta da maganar jirgi. Kafin ka shiga jirgin alkafura malami zai sa ka zazzage aljihu: waya, carbi, goro, ƴan sulalla, duk a bar su a ƙasa, domin abu ɗan mitsitsi in ya faɗo ya shige tsakanin wayoyin sanda yana iya ƙulle ta. A lokacin hazo kuma, sa'ad da ba a gane inda sama ta haɗu da ƙasa, ba a wannan darasi sam, saboda kunnen ciki yana yi wa mutum ƙarya, ya ce masa a miƙe yake alhali a kwance yake.

Batun hanya. Ku dage da lissafi da kimiyyar fizik, ku nemi Bak ta sashen kimiyya. Ku koyi Ingilishi da gaske, domin shi ne harshen rediyon jirgi, ICAO kuma tana bukatar mataki na 4 cikin 6 ga mai tuƙi tsakanin ƙasashe; ku da kuke bakin iyaka kun fi ɗan Yamai damar jin sa. Lasisin farko ana ba da shi daga shekara 17 bayan aƙalla awa 40 a sama, na neman kuɗi kuwa daga shekara 18 da awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. A Zariya da jiragen Tampico da Diamond ake koyarwa, masu taya a hanci. Ta hanyar soja alkafura na cikin karatun tun farko: a Najeriya ana farawa a Kaduna da Super Mushshak na Pakistan, a wuce Kano a hau L-39. Wanda ya bi hanyar farar hula kuwa shi zai nemo darussan nan biyu da kansa, kuma Afirka ta Kudu da Faransa da Amurka duk suna da makarantun da suka ƙware a kai. In dangi sun haɗa kuɗin karatu, ku ware na awa goma ko sha biyar tun farko, kada a cinye su a kuɗin masauki. Wanda aljihu ko lafiya ba su bari ya yi tuƙi ba, makarantar EAMAC tana nan a Yamai tun 1963, tana horar da masu ba jirage hanya da masu hasashen yanayi da masu kula da na'urori, aiki ne mai daraja.

In kun je makaranta, ku tambayi takardar amincewar hukuma, ku kuma tabbatar daga hukumar jiragen sama, ANAC a Yamai ko NCAA a Najeriya, cewa za a karɓi lasisin in kun dawo. Ku tambayi malamin awa nawa ya yi a wannan jirgin musamman, ku nemi ganin shafin littafin jirgin da ya halatta alkafura, ku tambaya yaushe aka duba laimar tsira. Malamin ƙwarai ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fusata, ko wanda ranar farko ya so ya sa ku amai don ya nuna gwaninta, ku karɓi sauran kuɗinku ku nemi wani. Kada ku biya kuɗin karatu duka a dunƙule, ku biya kashi-kashi, makarantu na rufewa da kuɗin ɗalibai a ciki. Kafin duk wannan, kafin baba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, ku je babban asibitin Damagaram a duba muku ido da kunne da zuciya, musamman gane launin ja da kore, domin akwai samari da dama da ke da wannan matsala ba su sani ba, kuma a gwajin likitan jirgi tana iya tsayar da mutum.